Yadda na tarwatsa baƙin Turai a dausayin Nguru

Wani abokina ɗan Nguru da muka yi makaranta tare shi ya ja min wannan abin. Kullum in ana hira sai ya ce wai su garinsu har daga Turai ake zuwa musu hutu duk shekara, ba biza ba fasfo, ni kuma in ce malam rage mana hanya, wane Bature ne zai baro garinsu ya zo Nguru shan ƙura. Ashe tsuntsaye yake nufi. Wai in sanyi ya tsananta a can ruwa ya daskare sai su taso, su ƙetaro teku su ƙetaro Sahara, ɗaya daga cikin wuraren farko masu ruwa da ciyawa da suke samu shi ne dausayin nan na Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin fadamu kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Chadi. Da hunturu ya kama ya matsa min lamba sai na zo na gani da idona, na ce to.

Ni fa a raina yawon buɗe ido zan je irin wanda ake gani a talabijin, don haka na saka farar shadda, na saka sabon takalmi sau ciki da ko sati bai yi a ƙafata ba, na aro madubin hangen nesa wajen wani maƙwabcinmu da ya taɓa aikin safiyo. Da abokin nan nawa ya ganni a tasha sai da ya kalle ni daga hula har ƙasa, ya ce ɗaurin aure ka zo ne? Na ce ai mutum da shigarsa ake ganin girmansa. Bai ƙara cewa komai ba, kuma wannan shirun nasa har yau ban yafe ba.

Da asuba muka hau babur zuwa wani ƙauye a bakin ruwa, sanyi kuwa ba a magana. Can muka tarar da wani dattijo mai kwalekwale, masunci ne, da wasu ɗalibai biyu mace da namiji da littafi da biro da nasu madubin mai ƙafa uku, wai ƙidayar tsuntsaye suka zo yi, dama a watan Janairu ake yinta kowace shekara. Na ce ƙidaya kuma? mu da mutane ma tun 2006 ba a sake ƙirga mu ba shi ne ake ƙirga agwagi? Yarinyar ba ta yi dariya ba. Sai ta hau yi min karatu, ta ce tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka saka cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, sannan a 2008 aka ƙara da Dagona ta wajen Bade da Baturiya ta Jigawa, kuma har mijin sarauniyar Ingila ta wancan lokacin Yarima Philip ya zo Dagona a 1989 kallon tsuntsaye. Na gyara tsayuwa na ce to ai kin ga manya ne ke zuwa, shi ya sa na yi shiga.

Shiga jirgin ma aiki ne. Ina ɗora ƙafa ya karkata, na yi salati da ƙarfi, dattijon ya ce yaro zauna a tsakiya ka bar rawar jiki, ruwan nan ba ya cin baƙo sai mai gaggawa. Na ce Baba ni ba gaggawa nake ba, ya ce to ka sakar min riga.

Gaskiya farkon tafiyar nan akwai daɗi, ba zan ɓoye ba. Rana na fitowa, ganyen bado ya rufe ruwa, masunta sun kwanta a kan gora suna yawo suna duba komarsu, can ga balbela ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana jiran rabo, kirinjijiya na wucewa ta samanmu da fito, Baba ya nuna min dinya guda biyu ya ce waɗannan 'yan gida ne ba baƙi ba. Na ɗaga madubina don in gani da kyau sai na ga komai ya ƙara nisa, dinyar ta koma ɗigo. Na ce lallai maƙwabcin nan ya cuce ni da lalataccen kaya. Ɗalibin nan ya miƙo hannu cikin ladabi ya juya min shi, ya ce yaya ta nan ake dubawa.

Daga nan muka shiga kachalla. Wanda bai taɓa ganin kachalla ba ba zai gane ba, ciyawa ce amma ta fi mutum tsawo nesa, ta tsaya dama da hagu ta rufe ko'ina sai wata 'yar siririyar hanya da masunta suka sare da lauje, ba ka ganin komai sai sama, ga sauro da rana tsaka ko kunya babu. Nan Baba ya buɗe baki, kuma in ka ji yadda yake zaginta ka san tsohuwar gaba ce. Ya ce da can yana yaro ruwa zuwa yake da damina ya malale fadama, in rani ya yi ya janye ƙasa ta bushe, a noma shinkafa a kama kifi, makiyaya su kawo shanu, kowa da lokacinsa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa, ita kuma kachalla abin da take so kenan. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwan ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma can ƙasa wajen Gashuwa suna neman ruwan ido rufe, sannan tsuntsun nan jan baki ya samu gidan kwana a cikinta, ya fito da safe ya sauka a gonar shinkafa da gero. Ya kalle ni ya ce ku mutanen Kano ku kuka tare mana ruwa. Na ce Baba wallahi a 1974 ko auren iyayena ba a yi ba. Ya ce ai kana shan ruwan famfo. Na yi shiru don ban ga ta inda zan ɓullo ba, kuma a tsakiyar ruwa ba a musu da mai jirgi.

Muna fitowa daga kachallar sai ga wani fili na ruwa shimfiɗe, jama'a, tsuntsaye ne iya ganinka. Ƙananan agwagi masu farin layi a gira, wasu masu dogon wutsiya, da wasu 'yan dogayen ƙafa suna caccakar laka a gefe. Yarinyar ta ce da raɗa waɗannan su ne baƙin, kowa ya yi shiru don Allah. Suka kafa madubi a wani ɗan tudu suka fara ƙirga, ɗaya na faɗa ɗaya na rubutawa, sun daɗe suna yi har na fara hamma.

To jirginmu ya ɗan kafe a laka, ni kuma ina so in matsa kusa in ɗauki hoto da waya don mutanen Facebook su san ban zo da wasa ba. Na leƙa na ga ruwan ko gwiwa bai kai ba. Baba ya ce kar ka sauka. Abokina ya ce kar ka sauka. Na naɗe ƙafar wando na sauka.

Ruwan kam bai kai gwiwa ba, gaskiyata ce, amma ba wanda ya faɗa min abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙafar dama ta lume har cinya, na ja ta da ƙarfi ta fito ba takalmi, ta hagu kuma ta maye gurbinta. Ina cikin wannan kokawa na ji wani abu mai sanyi ya manne min a ƙwauri, na duba na ga baƙin abu yana kumbura. Ni dai na san na ce wayyo Allah maciji, amma abokina ya rantse har sunan babata na kira. Ihun nan da na yi, tsuntsayen nan gaba ɗaya suka tashi lokaci guda, ƙarar fikafikansu kamar iska ta yaye rufin kwanon unguwa, sama ta yi duhu, suka yi gabas abinsu ko waiwaye babu.

Ɗalibin ya tsaya da biro a hannu baki buɗe. Yarinyar ta rufe littafinta a hankali, ta ce min malam tun daga Turai suka taso, sun wuce teku sun wuce hamada sun wuce maharba, ba abin da ya firgita su sai kai. Na ce ƙanwata ki yi haƙuri, nawa kuka kai in cika muku? Ba ta amsa ba.

Baba kuwa dariya har da riƙe ciki, ya ce yaro matsattsaku ne ba maciji ba, ɗan jini kaɗan zai sha ya ƙara gaba. Shi da abokina suka kama ni ta hammata suka tumɓuke ni suka jefa cikin jirgi kan kifin da ya kamo da asuba, tarwaɗa ɗaya da ranta har ta ba ni mari da jela. Ya ɓanɓare matsattsakun da farce ya jefar, sannan ya ƙara min da albishir wai in na koma gida in na ga fitsarina ya canza kala in je asibiti da wuri, don ruwan kwance irin wannan akwai tsargiya. Farar shadda dai ta koma kalar kunun kanwa, madubin maƙwabci ya sha laka, hoton da na samu guda ɗaya ne kuma babban yatsana ne a ciki.

A hanyar dawowa ba mai yi min magana sai sauro. Da muka iso gaɓa yara suka taru suna kallon mai takalmi ɗaya, na ciro kuɗin jirgi na ba Baba na ƙara masa da na wahala, na ce Baba don Allah in takalmin nan ya faɗo a komarka ka ba abokina ya aiko min, sabo ne. Ya karɓi kuɗin ya lissafa, ya kalli ƙafata ta hagu ya ce to ai sai ka bar min wannan ɗin ma, in ya fito in haɗa su, don lambarmu ɗaya.