Fayil ɗin dambun nama

A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi, da zarar an taɓo finafinan bincike sai a rabu gida uku. Tela ɗan a-mutun Grissom ne na CSI, mutumin nan na Las Vegas da zai tsuguna gaban gawa, ya ɗauko tsutsa ɗaya ya duba, ya ce kwana kaza ke nan da mutuwar mai ita. Mai gyaran waya kuwa CID ta Indiya yake bi, inda tun 1998 ake ɓalle ƙofofin mutane. Hujjarsa guda ce: a can ba a ɓata lokaci, jami'insu mai suna Daya zai kwaɗa wa mai laifi mari, sai ka gan shi a kujera yana kuka yana zayyana komai.

Ni ɗan Columbo ne, kuma ba na kunya. Peter Falk, mai fitowa a matsayin jami'in bincike Columbo, ya fara saka rigar ruwan nan tasa a 1968, bai tuɓe ba sai 2003, kuma duka finafinan 69 suna cikin wayata. Mutum ne da ba ya son riƙe bindiga, motarsa tsohuwar Peugeot 403, kullum yana zancen matarsa amma ba a taɓa nuna ta ba. Tun farkon fim ake nuna maka wanda ya yi kisan, daɗin kallon shi ne ganin yadda wannan bawan Allah mai kama da wanda ya kwana a tasha zai yi ta sosa kai har ya ritsa attajiri. Ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya ce saura abu ɗaya. Wannan abu ɗayan shi ne ajalin mutum. Tela ya ce shi ba zai taɓa amincewa da jami'in da ba a yi wa rigarsa guga ba. To, tela ne, a nan iliminsa ya tsaya.

Bayan Babbar Sallah uwargida ta yi dambun nama, ta ware mini nawa a farar langa. Na kai shi sito na ɓoye bayan buhun masara, kusa da ƙullin kilishina. Kullum da dare sai na je na ɗebi cokali biyu. Ranar Laraba abin da ya rage ya haura rabi. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci, na ɗaga murfi, sai mai kawai yake ƙyalli a gindin langa.

Mai hankali da ya leƙa tsakar gida ya ce, "Wa ya taɓa mini dambu?" A ba shi amsa, magana ta ƙare. Amma ni shekara nawa ina jiran irin wannan rana.

Na kwance igiyar shanya na ɗaure ƙofar sito, na ce kada kowa ya shiga. Na zura hannuwana cikin ledojin burodi. A nan dole na ari dabarar tela, don kullum yana karanta mana ƙa'idar wani Bafaranshe, Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwajin 'yan sanda a birnin Lyon a 1910: duk wanda ya taɓa abu sai ya bar wani abu nasa a wurin, ya kuma tafi da wani abu. Na shiga ɗakin uwargida na ɗauko hodarta da buroshin kwalliya, na barbaɗa a murfi. Murfi fari, hoda kusan fara, ban ga komai ba, sai na ƙara. Da ta ƙare na koma kan kwalli. Na manna salatif na ɗago, abin da ya fito ya fi kama da taswirar Tafkin Chadi a kan zanen yatsa. A talabijin kwamfuta ake ba wa, ta yi 'yan ƙyafte-ƙyafte ta fito da hoton mutum har da adireshinsa. Ni kuwa tawadar biro na shafa wa yarana uku a babban yatsa, suka dangwala a littafin lissafin babbansu.

Tambayoyi ba su yi nisa ba. Manyan biyu suka ce wallahi ba su ci ba, suna kallon juna suna danne dariya. Auta, ɗan shekara huɗu, ban gama zama ba ya fashe da kuka ya amsa cewa shi ya jefa rimot a randa, shi ya kuma cinye man goge baki a watan azumi. Laifi biyu da aka daɗe da rufe fayil ɗinsu. Dambu kuwa ya ce bai ci ba, kuma na shinshina hannunsa, warin kashin awaki kawai na ji.

Na koma sito da tocila, duk da rana tsaka ce, don su ma haka suke yi. A gefen buhu na tsinci ɓarɓashin goro, ja, ɗanye. Na ce lallai da walakin, goro a miya. Sannan na lura da babban abu, wanda har yau ina alfahari da shi: kilishi yana nan, ko ƙullin ba a kwance ba. Wane ɓarawo ne zai ga kilishi ya tsallake? Sai wanda haƙoransa ba za su iya ba.

Zuciyata ta tafi kai tsaye wurin dattijon da ke kawo mana ruwa a kura, don yana cin goro, kuma randunanmu suna bakin sito. Na fito tsakar gida, hannu a leda, fuska duk kwalli, na tsaya gaban uwargida tana tankaɗe.

"Na gano shi," na ce, da murya yadda maƙwabta ma za su amfana. "Mai cin goro ne. Shekaru sun ja. Bakinsa babu haƙoran kirki, shi ya sa ya bar kilishi. Kuma duk wanda zai yi haka ranar Juma'a, ba shi da tsoron Allah."

Ta saki rariya. Ta zaro ido, tana ƙifta mini, tana nuna labulen ɗakinta da haɓa. "Abban yara, don Allah ka yi shiru."

Na yi murmushi irin na manya. A raina na ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, wato da sa hannunta, tana rufa wa wani asiri.

Ya kamata in faɗa muku abin da ni na manta a lokacin: surukata, Hajiya, ta sauka a gidanmu ranar Alhamis da yamma don ganin likitan ido. Ban sa ta a jerin waɗanda ake zargi ba, domin ko a mafarki mutum ba ya sa surukarsa a wannan jeri. Abin da na gani a tattare da ita shaida ce, wadda ta wuni a gida, wataƙila ta ga shigar mai ruwa.

Na cire takalmi na durƙusa bakin labule, na gaishe ta, na tambayi ido, ta ce da sauƙi. Na miƙe na yi taku uku. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ga dama ta samu. Na sosa ƙeya, na juyo a hankali.

"Hajiya, ku gafarce ni, saura abu ɗaya. Ko kun ga wani mai cin goro ya shiga sito yau?"

Shiru. Sai na ji ƙarar tofar da tuƙa a gwangwani.

Ba ta yi magana da ni ba, 'yarta ta kira. "Ke, faɗa wa Malam tsohuwar nan ce marar haƙora. Na shiga ɗibar masara zan watsa wa kajinku, na ga abinci a yashe bayan buhu kamar ba shi da mai shi. Na ɗanɗana, na ce yau Juma'a, na raba wa almajirai. Niyyata ladan ya je masa. Amma tunda marar tsoron Allah ce ta bayar, ban sani ba ko za a karɓa."

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ledar burodi tana ta ƙara a hannuna, na rasa inda zan sa ta. Daga baya na ji cewa Auta ne ma ya ɗauki langar ya kai zaure, manyan biyu suka tsara layin almajirai, uwargida ta yi niyyar gaya mini in na ci abinci. Ashe fim ɗin Columbo sosai aka yi a gidan, kowa ya ga yadda abin ya faru tun farko, ni kaɗai nake yawo da tocila.

Kafin magariba labari ya isa majalisa ta bakin almajiran da suka ci dambun. Tela ya ce nasara ta Locard ce, goro da kilishi sun faɗi gaskiya, mai binciken ne jaki. Mai gyaran waya ya fara cewa da Daya ne, sai mai shayi ya katse shi: "A'uzubillahi, surukar zai mara?"

Na sayi hoda sabuwa, ashe wadda na ƙarar tsarabar Umra ce, kuɗinta ya kusa na kafaɗar rago. Na sayi kwalli. Na sayi nama aka sake dambu, na haɗa da goro na aika wa Hajiya ta hannun 'yarta, don kwana biyu ta ƙofar baya nake fita.

Ranar Lahadi dole na rako ta bakin titi. Na tsayar da adaidaita, na biya, na durƙusa kaina a ƙasa. Ta sa ƙafa ɗaya ciki, sai ta tsaya, ta juyo wajen 'yarta.

"Af, saura abu ɗaya. Kilishin nan na Malam, a daka mini shi a turmi a aiko."