Lissafin kwamfuta bai isa ba, sai an auna a jikin ƙarfe

A cibiyar J-PARC ta Japan ana harba firoton masu ƙarfin GeV 3 (GeV ma'aunin kuzari ne) cikin zaiba domin samar da nutiron. Firoton da nutiron su ne ƙwayoyin da suka haɗa cibiyar zarra. A cibiyar ESS da ke Lund a Suwidin kuwa, faifan ƙarfen tungisten mai juyawa aka zaɓa a madadin zaiba. Duk firoton da ya daki cibiyar zarra yana iya farfasa ta, a jimillar karon kuwa ɗaruruwan nau'o'in zarra ke fitowa. Sanin yawan kowanne ya dogara ga yiwuwar karon, wadda ake aunawa da ban, wato 10⁻²⁴ na murabba'in santimita. Ra'ayina shi ne an fara jingina da lissafin kwamfuta fiye da kima wajen sanin wannan yiwuwar, alhali shi ma da awon aka daidaita shi.

Aikin awon sananne ne. A jera fallayen ƙarfe sirara, a sa na alminiyom a gabansu, a haska musu firoton, sannan a kai su gaban na'urar jamaniyom da ake sanyaya da ruwan naitirojin a ƙirga hasken gamma da sababbin zarra ke fitarwa yayin ruɓewarsu. Yawan zarrar da ta samu, a raba da yawan firoton da kuma yawan zarra a kowane murabba'in santimita na fallen, shi ke ba da yiwuwar karon.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawan firoton ɗin. Daga fallen alminiyom ake gano shi, ta hanyar sodiyom-24 ko sodiyom-22 da suka samu a ciki. Sodiyom-24 yana da sauƙin ƙirgawa, rabinsa na ɓacewa cikin awa 15. Sai dai nutiron da ke tsallakowa daga jerin fallayen su ma suna haifar da shi, sai a ɗauka firoton sun fi yawa, duk sakamakon ya yi ƙasa. Sodiyom-22, wanda rabinsa ke ɓacewa cikin shekara 2.6, ya fi aminci ko da yake yana son haƙuri. Haka nan wasu gutsattsarin zarra suna fallewa daga falle siriri saboda ƙarfin duka, shi ya sa ake jera uku a ƙirga na tsakiya kaɗai.

Akwai kuma abin da gamma ba ya nunawa. Gadoliniyom-148 da ke taruwa a tungisten ƙwayoyin alfa yake fitarwa maimakon gamma, kuma haɗari ne idan aka shaƙe shi. Hiliyom da haidirojin da ke taruwa a jikin ƙarfe su ke sa shi gautsi. A cibiyar GSI ta Jamus sun juya lamarin: maimakon harba firoton kan ƙarfe, suka harba dalma-208 kan ruwan haidirojin, wanda cibiyar zarrarsa firoton ce, suka tantance gutsattsarin tun suna cikin gudu.

Masu cewa lokacin na'urar harbi na da tsada sun yi gaskiya. Amma ko ba a sake haska falle ɗaya ba, akwai gyaran da ba ya cin kuɗi: duk wanda zai shigar da sakamako a rumbun bayanan nukiliya na EXFOR da ke ƙarƙashin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ya bayyana ƙimar yiwuwar karo ta alminiyom da ya yi amfani da ita wajen gano yawan firoton da kaurin jerin fallayensa, domin a iya sake lissafin idan ƙimar ta canza.