Daren da teku ya shigo mana tanti

Laifin wayata ne tun farko. Sati 3 na yi ina kallon bidiyon masu kwana a bakin teku, mutum ɗaya ya kafa tanti cikin minti 5, ya zauna yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Da kallon ya yi yawa sai na ji ai ni ma na ƙware. Na tara iyali na sanar da su cewa ƙarshen makon nan a bakin teku za mu yi shi. Yara suka hau tsalle. Uwargida kuwa ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, kai da ko gidan sauro sai an ɗaura maka?" Na ce ta zuba ido kawai.

Mun isa wajen ƙarfe 5 na yamma. Ruwan yana can nesa, da ƙyar ake jin motsinsa. Tsakaninmu da shi wani fili ne shimfiɗaɗɗe, yashinsa a daddaɓe sumul kamar an yi masa siminti. Ta sama kuma yashin lugu-lugu ne, ƙafa na nutsewa, ga wani dogon layin tarkace da ya bi gaɓar: ciyawar ruwa, karare, ɓawon katantanwa, robobi, da silifa wari-wari. Duk sauran masu tantuna sun je bayan layin nan sun cunkushe. Na yi dariya a raina, na ce ka ji mutane, ga fili kamar falo amma sun zaɓi bayan bola.

Babbar 'yata, mai shekara 13, ta ce, "Abba, an koya mana a makaranta cewa teku yana cika yana janyewa sau 2 a rana." Na ce mata makaranta daban, gogewa daban. Ban san wace gogewar nake nufi ba, domin ranar ce rana ta farko da na taɓa riƙe tanti.

Kafa shi kuwa, abin da ake yi a minti 5 ya ci mini awa 2. Turakun da suka zo da shi ƙanana ne, na ƙasa mai tauri, a yashi kana bugawa suna zarewa kamar an soka tsinke a gari. Ina cikin fama iska ta taso daga teku ta cika tantin, ya tashi ya kama hanya yana gangarawa, ni kuma ina bin sa da gudu ina cewa a tare, a tare. Wa zai tare? Yaran suna ƙasa suna birgima don dariya. Uwargida ce ta cika ledoji da yashi, ta ɗaure igiyoyin a jiki ta binne, sannan ya tsaya. Sanda ɗaya ta rage a hannuna wadda har yau ban san gurbinta ba. Na tura ta ƙarƙashin tabarma.

Wani dattijo ya zo wucewa da raga a kafaɗa. Ya tsaya ya dubi tantin, ya dubi ruwan, ya ɗaga kai ya dubi watan da ya fara leƙowa, cikakke ƙato kamar faranti. Ya ce, "Ɗana, nan za ku kwana?" Na ce ƙwarai kuwa, Baba. Ya ce, "Da kun matsa sama." Na yi masa godiya irin wadda ake yi wa wanda ba za a bi shawararsa ba. Ya ce, "To, Allah ya kai mu safiya," ya wuce.

Gaskiya daren ya fara da daɗi. Farin wata tar, iska mai sanyi, ƙaguwoyi suna fitowa daga ramuka suna gudu a karkace, Auta yana bin su da tocila. Har na ce wa uwargida, "To, yanzu me kika ce?" Ta ce, "Dare bai raba ba tukuna." Muka shiga, na hura katifa, na miƙe.

Wajen sha ɗaya saura na ji ana taɓa ni. "Malam, tashi, Auta ya jiƙa mana shimfiɗa." Na tashi da faɗa, yaro ɗan shekara 6, sau nawa za a gaya maka ka zaga kafin ka kwanta? Auta ya fashe da kuka yana rantsuwa ba shi ba ne. Na sauko da ƙafa daga katifa, sai ruwa har idon sawu. Na ce a'a, wannan ya fi ƙarfin Auta. Kafin in rufe baki katifar ta ɗaga da ni ta juya a hankali, kofi ya wuce ta gabana yana lilo, ga wata ƙaguwa a kan filo tana kallona.

Sauran abin ba tsari. Uwargida ta saɓi Auta, yarinya ta ɗauki jaka, ni na tsaya neman zif ɗin ƙofa da hannu yana rawa. Da muka fita, filin nan nawa mai kama da falo ya zama teku gaba ɗaya. Na ja tantin kamar mai jan saniyar da ta ƙi tafiya, ledojin yashin da uwargida ta binne kuma sai a lokacin suka nuna amana, suka ƙi sakin sa. Mutanen bayan bola suka fito da fitilu suka kama mini. Babu wanda ya yi dariya a gabana, wannan kam na shaide su.

A mota muka ƙarasa daren, a jiƙe, gilasai sun yi gumi. A nan yarinyar ta buɗe mini aji. Ta ce wata ne ke jan ruwan, rana ma tana taimakawa, kuma tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25. Ta ce idan wata ya cika ko yana sabo, shi da rana da duniya suna kan layi ɗaya, shi ya sa ruwan ke hawa fiye da kullum. Layin tarkacen nan kuma, in ji ta, shi ne iyakar inda ruwan ya kai a zuwansa na baya. Na ce na sani, gwada ki nake yi. Uwargida ta yi wani tari da ban yarda na gaskiya ba ne.

Da safe ashana ta jiƙe, risho ya sha yashi, jarkar ruwan shanmu ta bi teku. Na ɗebi ruwan teku in wanke fuska, sabulu ya ƙi kumfa, ido ya ɗau yaji. Malamar tawa, wato yarinyar, ta ce kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Na roƙe ta ta bar ni haka.

Ina yawo da takalmi ƙafa ɗaya sai Auta ya kwaɗa mini kira daga layin tarkace. Ga warin takalmina nan a kwance tsakanin silifan nan da na raina jiya, ciyawa ta naɗe shi. Ina sunkuyawa sai ga dattijon jiya da ragarsa. Ya ce, "Ɗana, an tashi lafiya?" Na ce lafiya lau, Baba. Ya dubi ƙafata, bai ƙara komai ba.

Dare na biyu uwargida ce ta zaɓi wuri, can bayan kowa, kusa da mota. Ina ɗaure igiya yarinyar ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Abba, in kana son wurinka na jiya ka koma, yau ruwan zai makara da kusan minti 50, za ka ɗan ƙara barci."