Liemba ba kayan gwangwan ba ne

Kai da ka rubuta a ƙarƙashin hoton Liemba, tsohon jirgin ruwan nan na Tafkin Tanganyika a Tanzaniya, da na ɗora jiya cewa "tsohon ƙarfen Turawa ne, a yanka a sayar a huta", wallahi maganarka ta ƙona min rai. Har mutum nawa suka bi ka da "gaskiya ne". Ba gaskiya ba ce, malam, ko kaɗan.

Abin da aka yanka ba ya dawowa. Ku je Butiaba, bakin Tafkin Albert a Yuganda, ku nemi Robert Coryndon. Jirgin fito ne mai tururi da aka ƙera a Ingila, ya fara aiki wajen 1930, yana kai mutane da kaya har gaɓar Kwango. Ya nutse a shekarun 1960, gangar jikinsa ta yi shekaru hamsin a bakin ruwa kowa na gani, ba wanda ya ce uffan. Zuwa 2012 masu sayen ƙarfe sun yanyanka shi sun kwashe. Ina kuɗin ƙarfen yau? An cinye. Jirgin fa? Ko da buhun kuɗi ka zo ba za ka same shi ba. Abin da kake roƙa wa Liemba ke nan.

Wai na 'yan mulkin mallaka ne. Mun ji, Jamusawa ne suka ƙera shi a Papenburg a 1913, suka kawo shi gunduwa-gunduwa cikin akwatuna ta Darussalam, aka haɗa shi a Kigoma, bakin Tafkin Tanganyika. Su ne kuma suka nutsar da shi a 1916 don kada ya faɗa hannun abokan gaba, bayan sun lafta wa injinansa giris. Bayan shekara takwas aka tsamo shi, a 1924, ya koma aiki a 1927. To daga nan su wa ya ɗauka? Matan da ke fataucin busasshen kifi da abarba tsakanin Kigoma da Mpulungu ta Zambiya. 'Yan gudun hijirar Kwango da ya mayar gida a 1997. 'Yan gudun hijirar Burundi da ya kwaso daga ƙauyen Kagunga a 2015. Jamus ta mori jirgin nan ƙasa da shekara biyu, mutanen Tafkin Tanganyika sun more shi kusan shekara ɗari. Na wane ne ke nan?

Maganar tsadar gyara kuwa, kada ma a fara min ita. Gyara yana jira, ana yinsa kaɗan-kaɗan. Yanka ba ya jira, rana ɗaya ce. A Peru akwai jirgin Yavari a Tafkin Titicaca, wanda aka ƙera a Ingila a 1862, aka haura da shi duwatsun Andes a bayan alfadarai, har da busasshen kashin dabba aka riƙa hura wutar tukunyarsa. Ya yi tsatsa ya lalace, amma da yake ba a yanka shi ba, sai ga shi an gyara, yau mutane suna shiga su gani a Puno.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Liemba ya riga ya yi asara ɗaya. A shekarun 1970 aka cire injinansa na tururi aka sa na dizal. Da injin ya tafi, ilimin ma ya bi shi: mai zuba wuta da ya san lafiyar tukunya daga ƙararta, mai shafa mai da ke taɓa ƙarfe da tafin hannu ya gane zafi ya wuce kima. Irin wannan ba a koyonsa a takarda. Ga shi a Tafkin Michigan na Amurka har yau Badger, jirgin 1953, da kwal yake tafiya. Da aka yi ƙorafin tokar da yake zubarwa a ruwa, tokar aka hana zubarwa, jirgin aka bari.

Ni fa tun jiya tunanin garin Baro na Jihar Neja nake yi. Jiragen ruwa masu tururi ne suka riƙa hauro Kogin Kwara da ƙarafan dogo suna saukewa a can, da su aka shimfiɗa layin da ya iso Kano a 1911. Duk cikin mabiyana, akwai wanda ya taɓa ganin ko ƙararrawar ɗaya daga jiragen nan? In akwai ɗan Baro ko Lakwaja a nan, don Allah ya tambayar min dattawan garin, ya turo min ko hoto ne.