Masu dariyar tsumma sun ɗauki almakashi

Kwanan nan wasu ke yamutsa fuska, wai mun ɗaura tsumma a ƙwauri za mu shiga daji, alhali rigar ƙwauri ce muka ɗinka don kare kanmu daga cizon kaska. Yau ga su da zare da allura, har da koya wa mutane yadda ake yi, ko kunya babu. Kaska raɓi mai jini ke nan. Ban kira sunan kowa ba, wanda ya tsargu ya san kansa.

Kwaikwayon bai dame ni ba. Hannun tsohuwar riga ko ƙafar tsohon wando ba gadon gidanmu ba ne, kowa ya yanke nasa ya zura roba. Abin da ya ƙona min rai shi ne an kwashi siffa an bar dalili. Baƙin yadi fa aka sa! Ƙaramar kaska ba ta kai milimita 2 ba, ga ta da duhun jiki, ta ina za ka hango ta a kan baƙi? Shi ya sa muke zaɓar yadi mai haske, mara nauyi, mai matsattsiyar saƙa.

Sannan an bar bakin ƙasa sakwa-sakwa yana lilo a saman takalmi. Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle. A kan tsinin ciyawa take jira, ta miƙe ƙafafun gaba, kana gogar ciyawar ta maƙale, ta kama hawa tana neman fata. Dole bakin ya sauko ya rufe wuyan takalmi ruf, a maƙala shi a igiyar takalmin, wata igiya ta bi ta ƙarƙashi ta riƙe, saman kuma ya kama ƙasan gwiwa tam a kan wando. Mai hali ya fesa wa yadin maganin ƙwari permethrin na kashi 0.5 cikin ɗari ya bari ya bushe, kuma ba a shafa shi a fata. In an dawo a duba bayan gwiwa, matsematsi da hammata.

Cizon nan ba abin wasa ba ne. Cutar Lyme, da aka gano a jihar Connecticut ta Amurka a 1975, kaska ke ɗauke da ita, tana kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Mutane sun yarda da ku, za su sa wa 'ya'yansu abin da kuka koya musu su kutsa ciyawa hankali kwance. Ku ji tsoron Allah ku warware ɗinkin nan ku sake, ko ba ku ce daga wajenmu kuka gani ba.