Ba lallaɓawa ake yi a kusanci tsuntsu ba

Mutane da yawa idan suka ga hoton tsuntsun daji ya fito tas, har ana ganin ƙwayar idonsa, sai su ɗauka mai hoton ya lallaɓa ne ya kusance shi. Ba haka abin yake ba. Yawancin tsuntsaye idanunsu a gefen kai suke, suna hango kusan duk abin da ke kewaye da su. Kafin ka yi taku biyu sun tashi.

Abin da ke jawo tsuntsu kusa shi ne dogon gilashin kyamara, mai milimita 400 zuwa 600, sai kuma haƙuri. Mai hoto yakan zauna cikin 'yar rumfar ɓuya, ko ma cikin mota, domin tsuntsaye ba su cika tsoron mota kamar mutum a tsaye ba. Ya zaɓi inda suke shan ruwa, ya yi tsit har su manta da shi. Su ne ke zuwa wurinsa. Wani lokaci a shafe safiya guda ba a samu ko hoto ɗaya ba.

Sheƙa kuwa, a yi nesa da ita. In aka kori uwa daga kan ƙwai, rana ko sanyi na iya lalata su, ga hankaka yana jira.