Juya Aji a Darasin Lissafi: Ba Bidiyon Ne Ke Koyarwa Ba

Malaman lissafi na sakandare, wannan tsarin na juya aji, wanda ɗalibi zai kalli darasi a bidiyo a gida sannan a yi jinga a aji yana da amfani, amma da yawa suna kama shi ta wutsiya. Jonathan Bergmann da Aaron Sams, malaman kimiyyar sinadarai a makarantar Woodland Park ta jihar Kolorado a Amurka, sun fara naɗar darussansu a 2007 ne saboda ɗaliban da ke rasa aji. Ribar da suka gano daga baya ita ce lokaci: malami ya samu damar tsayawa kan yaro a daidai sa'ar da ya maƙale.

Lissafi kuwa nan ne matsalarsa take. Yaro zai kalli malami yana warware 2(x + 3) = 14, ya gyaɗa kai, ya ɗauka ya gane. Kallon kitse yake wa rogo. Ba shi biro, sai ya rubuta 2x + 3 = 14, ya ninka x ya manta da 3, ya fito da 5.5 maimakon 4. In a gida ya yi wannan kuskuren, zai maimaita shi a tambaya goma ba mai tsayar da shi. In a aji ne, malami na zagayawa zai hango a layi na biyu, ya ce ya mayar da amsarsa cikin lissafin na asali ya gani ko za ta ba da 14. Shi da kansa zai kama kansa.

Bidiyon kada ya wuce minti shida zuwa takwas, batu ɗaya, misali biyu, da wurin da za a ce "tsayar, gwada wannan". Wanda ba shi da waya a ba shi takarda mai misalan da aka warware mataki-mataki. Da an shiga aji, tambaya uku cikin minti biyar. Su za su nuna wanda ya shirya. Waɗanda suka faɗi a tara su gefe a yi musu bayani a taƙaice, sauran su fara aiki bibbiyu.

Babban ganganci shi ne malami ya ga rabin aji ba su kalla ba, ya tausaya, ya sake darasin daga farko. Mako biyu ya isa kowa ya daina kallo.

Akwai kuma abin da ke damuna. A binciken da aka yi kan wannan tsarin a makarantar soji ta West Point da ke Amurka, makin lissafi ya tashi a ɗan gajeren gwaji, amma zuwa jarrabawar ƙarshe ribar ta ɓace, tazarar da ke tsakanin masu ƙoƙari da raunana kuma ta ƙaru. Don haka a fara da babi ɗaya, a riƙe makin raunanan daban, a sake gwada su bayan wata guda kafin a juya babi na gaba.